Ciwon Ɓarin Kai da Burin Tuƙa Jirgin Sama: Karanta Kafin a Sayar da Gona



A semesta ta biyu ta bara, ina tsaye gaban injin sassaƙa ƙarfe a wokshof, na ɗauki ma'auni zan duba kaurin ƙarfen da nake aiki a kai, sai na ga lambobin tsakiya sun ɓace. Ba duhu na gani ba fa. Gefe da gefe ina ganin komai, amma daidai inda na kafa ido babu komai, kamar an sa hannu an goge allo. Bayan 'yan mintoci sai wani layi mai kama da haƙoran zarto ya fara ƙyalli ta gefen hagu, yana faɗaɗa a hankali. Na kashe injin na koma kan benci. Wani ɗan rukuninmu ya ce, "Kai malam, ko ba ka karya ba ne?" Wajen minti 25 idona ya washe, na ce alhamdu lillahi, ya wuce. Ashe sallama ce kawai aka yi. Kafin in isa ɗaki ɓarin kaina na dama ya fara sara kamar ana daka a ciki, na yi amai sau biyu, kuma ban iya buɗe taga ba sai washegari da la'asar.

A gidanmu wannan ba baƙon abu ba ne. Tun ina yaro nake ganin mahaifiyarmu ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta shige ɗaki ta ce kada wanda ya buga mata ƙofa. Ciwon ɓarin kai ne, haka kowa yake cewa, a sha Panadol a kwanta. Abin da ya sa na ɗauke shi da zafi shi ne, ni tun ina firamare burina in tuƙa jirgin sama. Shirin da muka yi da kawuna shi ne da na karɓi difloma sai in nemi gurbi a Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma har an fara maganar wace gona za a saki don a haɗa kuɗi. Na san a makarantar nan ba ni kaɗai ke da wannan buri ba, musamman a sashen injiniyan inji da na lantarki. Shi ya sa na ga gara in kawo abin da na karanto a fili, ko wani zai amfana kafin ya kai ga biyan kuɗi.

Da farko mu raba ɓarin kai da sauran ciwon kai, don mu nan duk abin da ya taɓa kai sunansa ɗaya, kuma maganinsa ɗaya: a tafi kemis a ce maleriya ce ko taifot. Wanda Turawa ke kira maigiren ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma asalin sunan daga wata kalmar Girkanci ne mai nufin rabin ƙoƙon kai, wato Bahaushe da Bagirke sun haɗu a wurin raɗa suna. Likitoci suna da ma'auni. Ciwon yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 in ba a sha magani ba. Yawanci ɓari ɗaya yake kamawa, yana bugawa tare da bugun zuciya, kuma yana ƙaruwa in ka hau bene ko ka sunkuya. Yana zuwa da tashin zuciya ko amai, ko kuma mutum ya kasa jure haske da ƙara. Yawanci sai an samu irin wannan aƙalla sau biyar kafin likita ya yanke cewa shi ne. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya na fama da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Yana bin jini ƙwarai, don haka labarin mahaifiyarmu ba haɗuwa ce ta banza ba.

Abin da ya same ni a wokshof kuwa, wato ƙyallin nan da ɓacewar gani, shi likitoci ke kira ora. Ni a nan zan riƙa ce masa walƙiyar ido. Kamar kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na masu ciwon ne ke samunta, kuma takan ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya. Abin mamaki, matsalar ba a ido take ba. In ka rufe ido ɗaya za ka ci gaba da ganinta, ka rufe ɗayan ma haka, domin a bayan ƙwaƙwalwa abin yake faruwa, wurin da ake fassara abin da ido ya ɗauko. Wani masani ɗan ƙasar Burazil, Aristides Leão, shi ya fara bayyana yadda abin yake a 1944: wata igiyar lantarki ce ke tashi a fatar ƙwaƙwalwa, tana tafiya kamar milimita 3 a minti ɗaya, duk inda ta ratsa ƙwayoyin wurin su yi ta harbi sannan su yi tsit na ɗan lokaci. Ƙyallin shi ne harbin, ɓacewar ganin shi ne tsit ɗin. 'Yan lantarki ku ɗauka kamar wuta ce ta yi ƙarfi ta bi unguwa layi-layi, tana wucewa fis na tsinkewa. In igiyar ta bi ta wurin da ke kula da ji a jiki, sai yatsu da leɓe su yi sanyi kamar ana tsira allura. In ta bi ta wurin magana, mutum ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi fitowa, ko ta fito a birkice. Shi kuwa zafin kan, daga wata babbar jijiya yake zuwa mai rassa uku da ke ɗauke da jin fuska da rufin ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Kwana ɗaya ko wasu awoyi kafin ciwon, wasu kan yi ta hamma, wuya ya sage, rai ya riƙa ɓaci ba dalili. Bayan ya tafi ma sai ka wuni kamar wanda aka yi wa duka, lissafin da ka saba yi da ka sai ka nemi kalkuleta. A aji wannan asarar lakca ɗaya ce. A ɗakin tuƙi wani zance ne daban.

Bari mu shiga ɗakin tuƙin. Jirgin fasinja irin Boeing 737 in ya zo sauka yana gudun kusan kilomita 260 a awa, wato kamar mita 70 a daƙiƙa ɗaya, yana kuma sauko da kusan ƙafa 700 a minti. In akwai hazo, irin wanda muka sani a Kano lokacin hunturu, matuƙi ba ya ganin ƙasa, na'urorin gabansa kawai yake bi. A tsarin sauka da na'ura na matakin farko, in ya kai ƙafa 200 daga ƙasa dole ya yanke shawara: ya ga fitilun titi ya sauka, ko bai gani ba ya sake tashi. Daga ƙafa 200 zuwa taɓa ƙasa bai wuce daƙiƙa 17 ba. A gefen titin akwai fitilu huɗu a jere da ke gaya masa matsayinsa: biyu fari biyu ja yana daidai, ja ya yi yawa ya yi ƙasa da yawa, fari ya yi yawa ya yi sama. To yanzu ka ɗora abin da ya same ni a wokshof a kan wannan. Daidai inda ka sa ido babu komai, gefe kuma haƙoran zarto na ƙyalli. Ni na kashe inji na zauna a benci. Shi ina zai faka? Ko babu walƙiya ma, ka yi tunanin mutumin da amai ke taso masa, hasken rana a saman gajimare na soke masa ido, belun kunne na zuba masa magana daga hasumiya, kuma ana so ya maimaita lambobin da aka ba shi ba tare da kuskure ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, aikin tuƙin kansa cike yake da abubuwan da ke tayar da ciwon. Barci ba shi da tsari: yau ka tashi ƙarfe 4 na asuba, jibi ka kwana a sama. Abinci ba ya zuwa a kan lokaci. Jirgi na iya kasancewa a ƙafa 35,000, amma iskar da ke cikinsa ana matse ta ta yi daidai da ta tsaunin ƙafa 6,000 zuwa 8,000. Ƙafa 8,000 kamar mita 2,400 ne, ninki biyu na tsayin Jos ke nan, don haka oksijin da ke shiga jini yana ɗan raguwa. Iskar kuma busasshiya ce, danshinta kan gaza kashi 20 cikin 100, sai ƙishirwa ta kama mutum bai sani ba. Ga kofi da ake ta kwankwaɗa don a kori barci, ranar hutu a daina, kai ya ce bai yarda ba. Ga sauyin agogo a doguwar tafiya. Wanda azumin farko-farkon Ramadan ke tayar masa da ciwon kai ya riga ya san yadda yunwa, ƙishirwa da rashin barci suke in sun haɗu.

Yanzu sai doka. Ba wanda ke tuƙa jirgi da lasisi kaɗai, sai da takardar shaidar lafiya mai rai. Tushen ƙa'idojin yana wurin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, hedikwatarta a Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe kan ɗauki ƙa'idojinta su mayar da su dokar gida. A Najeriya hukumar NCAA ce ke da wannan alhaki, kuma ba kowane likita ke yin gwajin ba, sai waɗanda ta ba izini na musamman. Takardar aji uku ce. Aji na ɗaya na matuƙan haya ne, masu ɗaukar fasinja da kaya don kuɗi, kuma ana sabunta shi duk wata 12, ya koma duk wata 6 in shekaru sun ja. Aji na biyu na mai tuƙi don kansa ne. Aji na uku na masu kula da zirga-zirgar jirage ne a hasumiya. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta fi ƙarfin takardar: ko da takardarka na aljihu ba ta ƙare ba, in ka san lafiyarka ta ragu yadda za ta hana ka aiki lafiya, an haramta maka tuƙi a ranar.

Likitocin jiragen sama suna da wani lissafi da ya burge ni, wanda suke kira ƙa'idar kashi ɗaya cikin ɗari. Sun ce in haɗarin matuƙi ya kasa aiki kwatsam bai wuce kashi 1 cikin 100 a shekara ba, ana iya barinsa a jirgi mai matuƙa biyu. Ga dalili. Shekara tana da awa 8,760, a zagaye ta zuwa 10,000. Kashi ɗaya cikin ɗari a raba da 10,000 ya ba da ɗaya cikin miliyan a kowace awa. Lokacin da ya fi haɗari, wato tashi da sauka, ana ɗaukarsa kashi ɗaya cikin goma na tafiyar. Sannan ana sa ran mataimaki zai karɓi tuƙi lafiya sau 99 cikin 100. In ka ninka duka sai ka samu ɗaya cikin biliyan, wanda shi ne irin mizanin da injiniyoyi ke ɗora wa sassan jirgi da lalacewarsu ke iya jawo hatsari. Wato matuƙi ma wani sashe ne na jirgin, ana lissafa yiwuwar lalacewarsa kamar famfon mai. An ƙirƙiro lissafin ne saboda ciwon zuciya, amma ya nuna yadda mutanen suke tunani.

Na zauna na yi nawa lissafin a bayan littafin darasi. A ce ciwon na zuwa wa mutum sau ɗaya a wata, sau 12 ke nan a shekara. Yana farke awa 16 a rana, awa 5,840 a shekara. A dokar Turai matuƙin haya ba ya wuce awa 900 na tuƙi a shekara. In ciwon na faɗowa ne ba zaɓin lokaci, 12 sau 900 a raba da 5,840 ya ba da kusan 1.8. Ma'ana, kusan sau biyu a shekara ciwon zai fara masa ne yana sama. Wallahi da na ga wannan lamba sai da na ajiye biro na yi shiru.

Amma kada wani ya ɗauka an rufe ƙofa ruf. Ɓarin kai ba kamar farfaɗiya ba ne, wadda ke kayar da mutum nan take. Yawanci yana ba da sanarwa, kuma ƙarfinsa ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Akwai mai samunsa sau ɗaya a shekara biyu, ya sha farasitamol ya ci gaba da harkarsa. Akwai wanda ya gano abin da ke tayar masa, ya kauce, shekaru suka wuce bai sake gani ba. Saboda haka hukumomi ba sa yanke hukunci da jin sunan ciwon kawai, mutum-mutum suke dubawa. Tambayoyin da likita zai yi maka kusan iri ɗaya ne a ko'ina: sau nawa yake zuwa, yaushe ne na ƙarshe, yana zuwa da walƙiyar ido ko sanyin hannu ko sarƙewar harshe, minti nawa ne tsakanin alamar farko da lokacin da ka kasa aiki, ka san abin da ke tayar da shi, kuma me kake sha.

Amurka ce ta fi fitar da nata ƙa'idojin fili, shi ya sa zan kawo misali da ita. A fom ɗin hukumar FAA akwai tambaya kai tsaye: ka taɓa fama da ciwon kai mai yawan zuwa ko mai tsanani? In ka ce e, ba shi ke nan ba. Hukumar ta ba likitocinta damar su ba da takarda nan take in ciwon bai wuce sau ɗaya a wata ba, alamunsa masu sauƙi ne, ba a kwantar da mutum a asibiti saboda shi ba cikin shekarar, kuma maganin da yake sha yana cikin waɗanda aka amince da su. In kuwa yana zuwa da jiri, ko suma, ko ruɗewa, ko alamun da suka yi kama da shanyewar ɓarin jiki, likita ba zai sa hannu ba, sai ya tura fayil ɗin hukuma a duba da kyau. A Turai ma mai tarihin ciwon sai an yi masa ƙarin bincike kafin a ce ya dace. Kada dai ka ɗauki dokar Amurka ka je kana yi wa likitan NCAA gardama da ita. Kowace ƙasa da hukumarta, kuma ƙa'idojin suna sauyawa.

Maganar magani ita ce ta fi ba ni mamaki, domin wani lokacin maganin ne ke hana mutum tuƙi, ba ciwon ba. Farasitamol da ibufurofen ba su da matsala a kan kansu. Sumatiriftan, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1990 musamman don ɓarin kai, yana aiki sosai, amma a dokar FAA in ka sha shi sai ka yi awa 24 ba ka tuƙa ba. A cikin magungunan rigakafi da ake sha kullum, irin su furofanolol, waɗanda asalinsu na hawan jini ne, ana yarda da su in an gwada an ga ba sa kawo jiri ko kasala. Amma amitiriftilin, wanda likitoci ke yawan rubutawa don yana da araha kuma yana aiki, yana sa barci, ba a tuƙi da shi. Tofiramet, maganin farfaɗiya da ake ba masu ɓarin kai, yana rage kaifin tunani har mutum ya riƙa neman kalma, shi ma ba a yarda da shi ba. Tiramadol da kodin kuwa ba a ma kawo zancensu. Ka ga ke nan mutum na iya samun sauƙi sarai, amma sauƙin ya zo ta hanyar da ta rufe masa ɗakin tuƙi. Duk mai wannan buri ya gaya wa likitansa tun ranar farko, don a zaɓi magani da wannan a rai.

Bari in ɗan kauce in yi wa 'yan ɗakin kwana magana, ko da ba su da niyyar hawa jirgi. Shan maganin ciwon kai kullum shi kansa yana haifar da ciwon kai. In kana shan farasitamol ko danginsa kwana 15 ko fiye a wata, ko masu gauraye da kafeyin kwana 10, har tsawon watanni, kan zai koma yana ciwo duk lokacin da maganin ya sake shi. Lokacin jarabawa na ga masu haɗa Panadol Extra da lemon ƙara kuzari su kwana karatu, da safe su ce an yi musu asiri. Haka kuma 'yan uwa mata masu samun walƙiyar ido, ku gaya wa likita kafin ya rubuta muku duk wani magani mai sinadarin estirojin, domin haɗuwar biyun na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, sigari kuma ta ƙara ninka shi. Sannan ciwon kan da ya zo kamar tsawa cikin daƙiƙoƙi, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar hannu da ƙafa, wannan ba na ɗaure kai da ɗankwali ba ne, na gudu asibiti ne. Mu da muke yankin sanƙarau mun fi kowa sanin haka.

Akwai wani bambanci da ya shafe mu kai tsaye, wato tsakanin wanda ya riga ya zama matuƙi da mai neman shiga. Kyaftin mai shekara goma sha biyar a aiki in ciwon ya same shi, ana iya dakatar da shi na wani lokaci a ga yadda zai kasance, sannan a mayar masa da takarda da sharaɗin ba zai tuƙa ba sai tare da wani ƙwararren matuƙi. Ɗalibi ba shi da wannan rangwame, saboda ba yadda za a yi ka samu lasisi ba ka tashi kai kaɗai ba. Lasisin farko na buƙatar aƙalla awa 40 na tuƙi, 10 daga ciki kai kaɗai a cikin jirgi, babu malami. Lasisin haya kuma awa 200 ne, ko 150 a kwas na haɗe, kuma kaso mai yawa daga ciki kai ne shugaban jirgin. Ƙari a kan haka, mai shekara 22 yana da shekaru sama da 40 a gabansa kafin ya kai 65, inda ake ajiye tuƙin jiragen haya na ƙasa da ƙasa, ga shi kuma ciwon ya fi tsananta ne tsakanin ƙuruciya da tsakiyar rayuwa. Don haka mu ake yi wa duban da ya fi tsauri.

Na san abin da wasu ke rayawa a zuci, don ni ma na raya, kuma wani abokina ya faɗa min ƙarara: "To wa ya aike ka ka faɗa? Ai ba a gani a jini." Gaskiyarsa ta nan ɓangaren. Ɓarin kai ba ya fitowa a gwajin jini, hoton ƙwaƙwalwa ma yawanci lafiya ƙalau yake nunawa. Daga bakinka likita zai ji. Amma ka duba abin da ka saya da wannan shirun. Fom ɗin da ka cika ka sa hannu takardar doka ce. A Amurka yin ƙarya a kansa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 5 da tarar dala 250,000, ban da ƙwace lasisi. A ko'ina ma, ranar da aka gano, ba maganar ciwon kai za a yi ba, maganar amana za a yi, kuma wanda da farko da an ba shi takarda da sharaɗi sai ya rasa duka. Sannan wanda ya ɓoye ba zai iya zuwa asibiti a fili ba, sai ya koma sayen magani a ɓoye, kuma mun ga irin magungunan da ke kan kanta. Duniyar jiragen sama ta ƙara tsananta wa ɓoye rashin lafiya tun bayan hatsarin jirgin Germanwings na 24 ga Maris 2015, inda mutum 150 suka mutu, aka kuma gano mataimakin matuƙin ya ɓoye wa kamfaninsa takardun likita da suka ce bai dace da aiki ba. Nasa ba ɓarin kai ba ne, matsalar taɓin hankali ce, kuma ba ina haɗa su ba ne. Abin da nake nufi, takardar da ka ɓoye ba rayuwarka kaɗai take ɗauke da ita ba. Ni dai na tambayi kaina, in ƙanwata ce a kujera ta baya, zan so matuƙin da ke gaba ya kasance ni a ranar wokshof? Amsar ba ta yi min daɗi ba.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce ta tsarin lokaci. Ka je gwajin aji na ɗaya kafin a biya kuɗin makaranta, ba bayan an biya ba. Kuɗin koyon tuƙi miliyoyi ne masu yawa, kuɗin gwaji kuwa ɗan ƙanƙani ne a kansa. Wasu kan fara da aji na biyu don ya isa a fara darasi, sai an kashe dukiya a zo neman na ɗaya a tarar da katanga. Wannan bai tsaya kan ciwon kai ba: rashin bambance ja da kore, matsalar ji, hawan jini, duk a ranar ake gano su. Kafin ka je, ka buɗe littafi ka riƙa rubuta duk ranar da ciwon ya zo, ƙarfe nawa, me ka ci, awa nawa ka yi barci, me ka gani, me ka sha, yaushe ya sake ka. Ka kuma nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, domin ba mamaki abin da kake kira ɓarin kai ya zama ciwon gajiya ne kawai, ko idonka ne ke neman tabarau. Rahoton ƙwararre da littafin wata shida sun fi "yana ɗan damuna wani lokaci" nauyi a gaban likitan hukuma.

In kuma ƙofar ta ƙi buɗuwa, filin jirgi ba ɗakin tuƙi kaɗai ba ne. A ƙa'idojin ICAO injiniyan gyaran jirgi ba ya buƙatar irin wannan takardar lafiya, haka ma jami'in da ke tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, mai lissafa mai da nauyi da hanya. Kwalejin Zariya tana koyar da gyaran jirgi da injiniyancin na'urorin sadarwa na jiragen sama, kuma difloma irin tamu ba ta yi nisa da su ba. Aikin hasumiya ne dai yake da nasa gwajin, kuma can ma za a yi maka tambayoyin nan, don mai kallon allon rada ba zai yi aiki da rami a tsakiyar ganinsa ba.

Ni yanzu littafina ya kai wata bakwai. Ciwon ya zo sau huɗu, biyu da walƙiya, kuma uku daga cikin huɗun sun biyo bayan daren da na kwana kan furojet ban ci abincin dare ba. Tun da na tsayar da lokacin barci na daina wuce karin kumallo, yau sati goma sha ɗaya ke nan shiru. Na kai wa kawuna littafin da lissafin nan na 1.8, ya juya shi gaba da baya ya ce, "To ɗana, gonar dai ba gudu za ta yi ba." An ba ni ranar ganin likitan jijiyoyi sati biyu bayan jarabawarmu ta ƙarshe, kuma fom ɗin kwas ɗin gyaran jirgi ma na karɓo na ajiye a cikin jaka ɗaya da littafin.